Rijiyar da Tsoho Bai Cike Ba

Da safe ya sha furarsa, ya ce an cika mata ruwa. Ya kori kaji daga kan tabarma, ya zagi akuyar maƙwabta tun daga ita har kakanninta, ya ce in na taso daga lakwal, makarantar bokonmu, in biyo masa da goro, ba irin na jiya ba wanda ko jaki aka ba sai ya tofar. Hantsi bai gama zafi ba aka aiko a kira ni daga aji. Na tarar an rufe shi da farin zane. Igiyar kabar da yake tufkawa tana gefe, bai ƙulle bakinta ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana ne, mahaifin babana, wanda duk gida muke ce wa Tsoho. Ba ciwo, ba jinya, ba sallama. Ya jingina da bango kamar yadda ya saba, shi ke nan.

Gwaggo babba ta iso daga Korgom a bayan moto, wato babur, da takalmi ɗaya, ba ta san inda ɗayan ya faɗi ba. Tun daga ƙofa take cewa, "Ƙarya ne, ku tashe shi, barci yake! Jiya-jiya muka yi waya yana yi mini faɗa." Mahaucin garinmu ya bar nama a kan teburi ya taho da wuƙa a hannu, sai da aka tuna masa ya ajiye. Sarkin maƙera, wanda suka shekara sittin suna musu da Tsoho a kan komi, ya zauna a bakin zaure, ya ƙi shiga ya ƙi tashi. Da aka ba shi haƙuri sai ya ce, "Ya riga ni. Ko a wanga ma sai da ya riga ni, mugun mutum." Ya rufe fuska da hannun riga.

Kwana na biyu wani makiyayi mai rawani ya zo a kan raƙumi. Ba wanda ya san shi. Ya ce a bakin rijiya ya ji labari, ya ga bai dace ba dabbobinsa su sha ruwan mutum shekara da shekaru, shi kuma ya kasa zuwa ya ce Allah ya jiƙansa.

Tsoho maginin rijiya ne, da dagi yake haƙa. Daga garinmu zuwa Urafane, in ka ga tsohuwar rijiya mai baki daidai kamar an zana da faifai, to hannunsa ne. Ni aka sa kai ruwa zaure a kwanakin zaman makoki, saboda haka na ji gaisuwar kowa. Duk wanda ya shafa fatiha sai ya ƙara da magana ɗaya: "Allah ya jiƙan mai dagi. Rijiyar da ya gina ba ta taɓa ruftawa ba." Kowane lokaci na ji, sai in tuna ni kaɗai a duniya na san ɗaya ta rufta. Tana bayan gidanmu, ba a cike ta ba, rufe ta kawai aka yi. Kuma a kanta Baba ƙarami, ƙanen babana, yake shirin gina wa matarsa da ƴaƴansa ukku ɗaki.

Za ku ce to, ki faɗa mana. Ba ku san ni ba ne. Sunana a gida Rediyo, Tsoho ne ya raɗa mini. In na ga ɓera a rumbu, kafin in kai tsakar gida ya zama ɗan maraƙi. Na taɓa cewa mushen lissafi, wato malaminmu, ya yi atishawa allo ya goge. Ko na ce ana ruwa, sai Inna ta leƙa waje ta gani da idonta. Tsoho kaɗai ke saurarona har ƙarshe, in na gama ya ce, "To, yanzu cire gishirin, ba ni naman."

Shi ma fa ba baya ba ne. In muka hau amalanke za mu kasuwar Urafane, tun daga ƙofar gida yake nuna mini garin da babu. "Nan marina take. Masu rini hannunsu shuɗi, har tuwon da suka taɓa shuɗi yake zama." Mu wuce kaɗan. "Nan majema. In iska ta juyo, limami da kansa gajarta salla yake." Wancan tudun wai masaƙa ne suke jere, ƙarar ƙoshiyarsu tun asuba. Gindin kukar can fatake suke sauke kayan gishiri. Inda yanzu ake cajin waya, nan wata tsohuwa mai ginin tukwane take gasa randuna, hayaƙi ya rufe unguwa.

Na ce, "Tsoho, ni ban ga komi ba sai leda da kashin awaki."

Ya ce, "Ke kike ganin leda. Ni har gaishe ni suke."

Ruwan foraj, na famfon burtsatse, bai taɓa shiga cikinsa da son ransa ba. Ruwan ƙarfe yake ce masa. In aka ba shi ruwa a kowane gida, zai kurɓa, ya juya a baki, ya faɗi rijiyar da aka ɗebo shi. Wata rana na gauraya masa na foraj da na rijiyar gindin kuka, na miƙa masa da ladabi har da durƙusawa. Ya kurɓa, ya fesar. Ya ce, "Rabi na gindin kuka, rabi na ƙarfe, kuma hannun da ya gauraya ya taɓa ƙuli-ƙuli." Gaskiya ne, na taɓa.

Igiyarsa ba ya ba da aro, ko ga ɗan da ya haifa. Kafin ya shiga rijiya sai ya zura fitila a kunne. In ta mutu a ƙasa, ko hakimi ya zo ba zai sauka ba sai an yi ta kaɗa iska da zana. Amma in abu ya faɗa rijiya, ba a roƙonsa sau biyu. Shekara biyu da suka wuce ɗan akuyar wata bazawara ya faɗa, shi ne duk abin da ta mallaka. Samari suka tsaya suna leƙe suna ba juna shawara. Tsoho, da gemunsa fari fat, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ya fito da ɗan akuya a cikin riga, ya dubi samarin ya ce, "Na yi hira da shi a ƙasa. Ya fi ku hankali." Matar ta kawo goro, ya ce ta mayar.

Bayan gidanmu, kusa da kututturen tsamiya, akwai wani wuri da tun tasowata tarin ƙaya ke kansa. Kowace shekara Tsoho ke sarowa ya ƙara da hannunsa. Ƙayar Tsoho ake ce wa wurin, har kwatance ake yi da shi. Wasu su ce maciji ne a ciki, wasu su ce magani ya binne. In an tambaye shi sai ya ce, "Wuri ne da ba ya son baƙi." Baba ƙarami kuwa ya ci rani a Agadas shekaru, ba ya tsoron irin wannan magana. Daga can ya bugo waya ya sa aka buga masa tubali, ya ce a janye ƙayar a share wurin, zai zo ran Juma'a ya fara gini kafin damina, don ɗakin da iyalinsa ke ciki ya tsage. An share ranar da Tsoho ya tafi suna wani ƙauye.

Ran Lahadi, kwana ukku kafin rasuwarsa, na hau tarin tubalin ina kwaikwayon direktan lakwal ga ƙawayena. Da na gama jawabi na diro tsakiyar wurin da aka share, na fara rawa. Ban san daga ina ya fito ba. Ji kawai na yi an fizge ni ta hannu an jefar gefe, igiya ta sauka a bayana sau biyu. Tsoho, wanda bai taɓa ko nuna ni da yatsa ba. Ya ce, "In na ƙara ganin ƙafarki a nan sai na karya ta!" Ƙawayena suka watse. Na yi kuka kamar an yanka ni, na rantse ba ni ba shi har abada.

Abada ɗin ta ƙare bayan la'asar. Ya kira ni inuwar dogon yaro, ya ɓalla goro ya ba ni rabi, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Rediyo, kashe kanki, yau ni ke magana."

Ya ce tun yana saurayi, bai yi aure ba, ya so ya nuna wa ubansa ya iya. Uban ya ce kada ya gina a gindin tsamiya, rairayin wurin mai gudu ne. Da uban ya yi tafiya, sai ya ɗauki dagi ya fara. Ya kai gaba goma sha biyu, gefe ya zubo masa, ƙasa ta kama shi har ƙirji. Da igiya aka jawo shi, kamar guga.

"Cikewa sai wata guda, ga hadari ya fara haɗuwa, ga babana na hanya. Sai na saro itacen kirya na jera a baki, na shimfiɗa zana, na liƙe da laka, na zuba ƙasa. Da ya dawo na ce na cike. Na ce da kaina bayan damina zan buɗe in cike da gaske."

Na ce, "Wace daminar?"

Ya ce, "Ita nake jira har yau."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce waɗanda suka jawo shi duk sun mutu, su ma sun ɗauka ya cike. Daga baya sunansa ya fita, ana cewa rijiyarsa ba ta ruftawa, shi ma ya riƙa faɗa a kasuwa, har bakinsa ya kasa juyawa. "Kirya ba ta jin gara, amma yanzu ta tsufa kamar ni. Ɗaki ba zai zauna a kanta ba. Ran Juma'a in ƙanen ubanki ya zo, ni zan faɗa mashi da bakina."

"To mi ya sa ka faɗa mini?"

"Don bakinki ba ya riƙe magana. In kunya ta hana ni, ke ba ta hana ki. In sun ce ƙarya kike, ɗauki taɓarya ki daka ƙasar, ki saurara. Haka muke gane rami."

Ran Laraba ya rasu. Juma'ar da yake jira ta zo ba shi.

Ni da ba a taɓa jin na yi shiru na rabin sa'a ba, na yi kwanaki bakina a rufe. Mata suna ta cewa, "Allah sarki, yarinyar nan mutuwar ta doke ta." Ta doke ni, amma ba ita kaɗai ba. Yaya zan tashi a tsakiyar mutanen da suka zo daga nesa suna yabonsa, in ce ya yi wa ubansa ƙarya ya riƙe ta har kabari? Kwana na huɗu na raɗa wa Inna a madafa. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke, ko a makoki ba za ki bar mu mu huta ba?" Gwaggo babba ta ji ƙarshen maganar, ta kama leɓena da yatsu biyu ta murɗe. Ta ce, "Ubana ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba za ki ɓata mashi suna? In na ƙara ji sai na cusa miki barkono."

Na koma kai ruwa zaure. Na ce da kaina wataƙila Baba ƙarami zai fasa, ai mutum ba ya gini da hawaye.

Washegarin sadakar bakwai, da hantsi, na ji ƙarar amalanke a bayan gida. Na leƙa. Baba ƙarami ne da magina biyu, sun ja zare, sun kafa turaku. Tsakiyar ɗakin ta faɗa daidai inda na yi rawa. Autarsa, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana zaune a cikin zaren tana cika gwangwani da ƙasa.

Ban san lokacin da na ɗauke ta na ajiye bakin danga ba. Na ce, "Baba, kada ku gina nan. Rijiya ce a ƙasa."

Maginan suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, "Har da kada mai cin mutane a ciki ko, Rediyo?"

Baba ƙarami bai yi dariya ba. Idonsa ja, ya kwana bakwai yana karɓar gaisuwa. Ya ce, "Ɗiyata, kwana biyar ya rage mini in koma. Je ki wurin uwarki."

"Tsoho ne ya faɗa mini."

"Tsoho ya bar ƴaƴansa maza, ya bar limami, ya faɗa miki ke?"

"Ya ce don bakina ba ya riƙe magana."

Wannan karon har shi sai da ya murmusa. Ya ce, "A nan dai ya yi gaskiya." Ya juya ya ɗauki magirbi.

Na ruga maƙera. Sarkin maƙera na zaune, wuta a mace, tun rasuwar bai hura ba. Na faɗa masa komi a tsaye, ba gishiri ko ƙwaya. Ya ce, "Gindin tsamiya? Na tuna an yi rami a nan ina yaro. Na taɓa ce mashi anya ka cike, ya kusa fasa mini kai da dagi." Ya miƙa hannu. "Tashe ni."

Kafin mu iso, yana dogara sandarsa, rabin mata sun fito, don na biya tsakar gida na fizge taɓarya daga hannun Inna tana cikin daka. Gwaggo babba na biye da ni tana kiran sunana na gaskiya, wanda ba a kira sai in duka ya kusa. Sarkin maƙera ya ɗaga sanda ya ce, "Ku bar ta. In ƙarya ce ni zan riƙe maku ita."

Na fara daga nesa, wajen danga. Na daka. Ƙasa ta ce dif, kamar kullum. Na matsa taki biyu, na daka. Dif. Na tsallake zaren. Na daka. Dif. Wani magini ya ce, "A kawo mata gero, kada wahalar ta tafi banza." Na ƙara taki ɗaya, na ɗaga taɓarya da hannu biyu na sake ta.

Ƙasa ta amsa kamar ganga.

Na ƙara dakawa, ta ƙara amsawa, har a tafin ƙafata na ji. Sarkin maƙera ya ce a hankali, "Fito, jikata. Da baya. Kada ki gudu."

Baba ƙarami ya shiga ɗakin Tsoho ya fito da daginsa, dogon ƙarfen da ya fi ni tsawo. Ya tsaya daga gefe ya miƙa hannu ya soka. Sau ɗaya, sau biyu, ƙarfe na cin ƙasa. A na ukku muka ji wani abu ya ɓalle kamar busasshen kara. Dagin ya zame daga hannunsa ya shige gaba ɗaya. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, sannan ƙarar faɗuwarsa ta taso daga can ƙasa. Rairayi ya fara zurarewa cikin hudar, shuuu, bakin yana faɗi muna kallo.

Baba ƙarami ya ja baya har ya ci karo da tubali, ya zauna a ƙasa. Ya dubi gwangwanin autarsa da ke cikin zaren. Muna kallo gwangwanin ya karkata, ya bi rairayi, ya tafi. Matarsa ta ƙwala ihu ta rungume yarinyar, alhali tana hannunta tun ɗazu. Gwaggo babba ta toshe baki, tana cewa, "Baba? Babanmu?" kamar yau aka faɗa mata mutuwar.

Sarkin maƙera ya leƙa daga nesa, hawaye na bin gemunsa, kuma wallahi dariya yake. Ya ce, "Shekara sittin ina musu da mutumin nan. Sau ɗaya tak na yi gaskiya, ya mutu bai bari na sani ba."

Gwaggo ta ce a rufa asiri, a mayar da ƙaya, kada gari ya ji. Baba ƙarami ya ɗago kai. Ya ce, "Yaya, ƙayar ce ta kawo mu nan." Ya tashi ya tafi wurin maigari da ƙafarsa.

Na ɗauka mutane za su yi ta gulma. Sun yi, kwana ɗaya. Washegari amalanke ya fara zuwa. Mahauci ya kawo nasa, bazawarar nan ta zo da kwando a ka, mutanen ƙauyukan da ke shan rijiyoyinsa suka zo da shanu da jakai. Aka ɓalle sauran kiryar, ta ruɓe har yatsa ke shiga cikinta. Aka yi ta zuba ƙasa ana zuba ruwa ana jira ta zauna. Kwana shida ana yi. Baba ƙarami ya buga waya Agadas ya ce ba zai dawo a kan lokaci ba, in sun ga dama su ba wani aikin. Ɗakin kuma ya sake jan zarensa can gabas, bayan ya sa ni na daka kowane taki.

Ranar ƙarshe da la'asar, da ramin ya zo daidai da ƙasa, Baba ƙarami ya riƙe kwandon ƙarshe bai zuba ba. Ya waiga ya ce, "Ina ɗiyata? Ke ya ba aikin." Na karɓa, na juye, na baje da hannu. Sarkin maƙera ya sa aka miƙo masa taɓarya. Da ƙyar ya ɗaga ta, ya saki. Ƙasa ta ce dif. Limami ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Allah ya yafe maka, Tsoho, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba. Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mutane da dabbobi, ya yalwata maka makwanci. Daminar da kake jira ta wuce. Mun cike maka.